Lifidi da Alƙalami: Wa Ke Ɗinka wa Jarumin Takarda Kayan Yaƙinsa?



Batun da na zaɓa in yi magana a kansa yau, na san akwai waɗanda za su ce ai wannan harkar yara ce. Zan yi magana ne a kan littattafan nan masu ba da labari cikin zane, waɗanda ake jera hotuna gida-gida a kan shafi, a rubuta maganar kowa cikin 'yar ƙawanya a bisa kansa. Ko a cikinsu ma abu guda na ware, watau kayan yaƙin da ake sanya wa jarumi. Abin da nake neman tabbatar muku shi ne, sulken da ke jikin jarumin takarda daga hannun mai zane ya fito, kuma duk ranar da aka sake hannu to an sake sulke, ko da labarin yana nan yadda yake. Abin da ya sa maganar ta shafe mu kuwa, samarinmu sun fara zana jaruman tarihinmu, kuma da aron hannu suke zana su. Yaron da za a haifa baɗi, ta wannan zane zai fara sanin kakanninsa, tun kafin ya iya karanta littafin tarihi.

Na ce hannu, ban ce salo ba, domin kalmar ta fi kama abin. Bahaushe yakan dubi ɗinkin hula ya ce wannan hannun wane ne, ya dubi rubutun allo ya ce hannun almajiran malam wane ne, har miya ma akan ɗanɗana a gane hannun da ya kaɗa ta. Hannu ya haɗa abin da mutum ya koya, da abin da ya saba, da abin da yake gudu don yana ba shi wuya. Zan fara kai ku Amurka, inda aka daɗe ana wannan sana'a, sa'an nan in komo da ku gida, mu tsaya a Magama ta ƙasar Jibiya, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar.

A watan Maris na 1963 kamfanin Marvel ya fito da wani jarumi mai suna Iron Man, watau mutumin ƙarfe, a fitowa ta 39 ta mujallar Tales of Suspense. Attajiri ne maƙerin makamai, sunansa Tony Stark, wanda ba shi da wani ƙarfi na musamman sai rigar ƙarfen da ya ƙera wa kansa. Kun ga ke nan rigar ita ce jarumin. Don Heck ne ya zana labarin, amma Jack Kirby ne ya tsara siffar rigar. Duk wanda ya san hannun Kirby ya san mutum ne mai son kauri da nauyi. Yatsun mutanensa masu kusurwa huɗu ne, injunansa kamar a ɗauko da gingimari. To haka rigar ta fito, ruwan toka, dunƙulalliya, sai ka ce an kifa wa mutum tukunyar ƙarfe an huda masa idanu. A fitowa ta gaba aka mai da ita ruwan zinariya, aka ce a cikin labarin wai ta farin tana firgita mata da yara, amma kaurin yana nan.

Shekarar ba ta ƙare ba sai aikin ya faɗa hannun Steve Ditko, a fitowa ta 48, cikin Disamba. Ditko shi ne ya zana Spider-Man a 1962, kuma hannunsa kishiyar na Kirby ne, mai son siririn jiki da lanƙwasa da yatsu masu motsi. Bai iya zama da tukunyar nan ba. Ya rage mata ƙiba, ya manna ta a jikin mai ita har ana ganin ƙwanji ta cikin ƙarfe, ya raba ta ja da rawaya. Wannan ja da rawaya su ne duniya ta san Iron Man da su har yau. A cikin labari an kawo dalili, an ce tsohuwar rigar ta yi nauyi, tana rage masa sauri a gaban abokin gaba. Amma ni a ganina dalilin na baya ne ya zo. Hannu ya riga ya yi abin da ya saba, sa'an nan marubuci ya nemo masa hujja.

Daga nan abin ya yi ta sakewa. A 1974 aka ƙara wa kwalkwalin hanci, masu karatu suka yi ta ba'a, ba a jima ba aka cire. A 1985, a fitowa ta 200 ta mujallarsa, aka mai da rigar ja da azurfa, da manyan kafaɗu irin waɗanda ake yayi a tufafin wancan zamani. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Adi Granov, haifaffen Sarayebo ta ƙasar Bosniya, wanda ya zana labarin Extremis a 2005 da 2006. Shi ba da baƙin layi yake aiki ba kamar na da, shafa launi yake yi a hankali har ƙarfe ya yi ƙyalli kamar sabuwar mota, ana ganin inda kowane faranti ya haɗu da ɗan'uwansa, da inda gwiwa za ta lanƙwashe. Rigarsa ta yi kama da abin da za a iya ƙerawa da gaske, shi ya sa da Jon Favreau ya tashi shirya fim ɗin Iron Man na 2008 ya kira shi cikin aikin. Jarumi ɗaya, suna ɗaya, amma Kirby ya ba shi nauyi, Ditko ya ba shi jiki, Granov ya mai da shi na'ura.

Kada a ɗauka hannu son zuciya ne kawai. Akwai lokaci, akwai kuma injin ɗab'i, kuma su biyun suna cikin hannu. Mujallar nan wata-wata take fita, shafi ashirin ko fiye kaɗan, kowane shafi gida biyar ko shida. Ku lissafa: mai zane zai zana rigar nan wajen sau ɗari kafin wata ya ƙare, daga gaba, daga baya, daga sama, tana tashi, tana faɗuwa. Duk ƙusar da ya ƙara mata ya ɗaura wa kansa bashi sau ɗari. Saboda haka masu zanen da ke tsere da wata sukan share ƙusoshi su bar santsi. Granov ya cika tasa da gaɓoɓi, sakamakon haka fitowa shida kacal ta ci masa fiye da shekara guda. Ta wajen ɗab'i kuwa, a wancan zamani launi huɗu ake haɗawa a kan takarda mai araha irin ta jarida, kuma ruwan toka ba ya zama daidai a kanta. Jarumin nan Hulk da ruwan toka ya fara fita a 1962, da maɗaba'a ta kasa riƙe launin sai aka mai da shi kore tun a fitowa ta biyu. Ashe koren da yara ke tsammanin alamar fushi ce, asalinsa gazawar inji ne.

Ga misali guda da ya fi kusa da kayanmu. Captain America, wanda Joe Simon da Kirby suka ƙirƙira a 1941, sulke ne a ƙirjinsa. Amma wa zai zauna ya zana zobba dubbai? Sai aka riƙa yin 'yan lanƙwashe-lanƙwashe kamar ɓawon kifi a kafaɗa da gefen ƙirji, a bar wa ido ya cika sauran. Da John Cassaday ya karɓi aikin a 2002 ya zana ɓawon ɗaya bayan ɗaya, sai mutumin ya tashi daga ɗan wasan motsa jiki ya koma soja mai ɗauke da kaya. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi.

To mu komo gida. Mene ne kayan yaƙin barden ƙasar Hausa? Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, saboda asarar mutane da Kanawa suka sha a yaƙi. Sulke riga ce ta zobban ƙarfe da aka sarƙa, tana tare sara, kuma tana da tsada ƙwarai, sai manya. Bature A. D. H. Bivar, wanda ya bi fadojin Arewa ya duba tsofaffin sulkuna ya buga littafinsa a 1964, ya nuna cewa da yawansu ta hamada suka shigo, daga wajen Masar da ƙasashen gabas. Lifidi kuwa namu ne na gida, maɗinka ke yin sa. Yadi ne ake ninkawa a cusa masa audugar rimi, a bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda, a rufa wa doki tun daga wuya har gwiwa, a yi wa mahayi nasa. Akan haɗa shi da ƙyallaye masu launi, ja da rawaya da baƙi da fari, a ɗora wa mahayi kwalkwali mai tuntun gashin jimina, ya riƙe mashi, wani kuma da garkuwar fatar warwaji.

Me ya sa auduga, alhali kuwa muna da maƙera? Domin babban abin tsoro a fagen famanmu kibiya ce mai dafi. Kibiyar nan ba ta bukatar ta shiga da nisa, ƙwarzane ya ishe ta. Zoben sulke na iya barin tsininta ya leƙa, amma kaurin auduga shanye ta yake yi kafin ta taɓa fata. Har ila yau farantin ƙarfe irin na barden Turai, a ranar bazara ta ƙasar Katsina, gasa mai shi zai yi tun kafin a ja daga. Lifidi kuma yana da nasa aibi. Wuta ce maganinsa, shi ya sa maharba kan harbo kibiya mai wuta. Ga shi da nauyi, doki ba ya sukuwa mai nisa da shi. Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye Konya ta Gobirawa a 1826, ya ba da labarin 'yan lifidin da ya gani, ya ce sai an kama wa mahayi kafin ya hau. Saboda haka aikin ɗan lifidi shi ne ya zama bango mai tafiya, ya tsaya gaban sarki, ya shanye kibau, ya buɗe wa masu ƙananan kaya hanya.

Yanzu ku ɗauki wannan bango mai tafiya ku miƙa wa saurayin da ya koyi zane daga shafukan Marvel. Me zai faru? Dukan hannun nan na Amurka a kan tsiraicin jiki aka gina shi. Ana zana mutum da ƙwanjinsa da haƙarƙarinsa, sa'an nan a shafa masa launi a kira shi riga. Ko ƙarfen Ditko bin tsoka yake yi. Lifidi kuwa aikinsa ke nan ya ɓoye jiki, ya mai da mutum da dokinsa curi guda. Babu ƙugu, babu damtse, babu ƙyalli. Duk dabarar da saurayin nan ya kwana yana koya ba ta da wurin sauka. Sai hannunsa ya yi abin da na Ditko ya yi: ya rage kaurin, ya matse ƙugu, ya fito da damtse waje, ya manna farantin ƙarfe a ƙirji don ya sami inda zai sa walƙiya. Kafin ya farga ya tuɓe wa barden kayan da ke tsare ransa, ya tura shi gaban 'yan baka da hannu tsirara. Bai yi haka don raini ba. Hannunsa ne bai san yadda ake zana auduga ta yi kwarjini ba.

Wannan ba yau aka fara ba. Littafin tafiyar Denham da Clapperton da aka buga a London a 1826 yana ɗauke da hoton mai mashi na Sarkin Bagarmi cikin lifidi, da na dogarin Shehun Barno cikin sulke. Denham ya yi zanen farko, amma Edward Finden, wanda ya sassaƙa su a farantin ɗab'i, yana zaune ne a Ingila. Hotunan da ake ta kwafa a littattafan makaranta a matsayin shaidar ido, sai da suka ratsa ta hannu biyu na baƙi kafin su iso gare mu. A zamanin kusa kuma, a 1975, aka fara buga mujallar Powerman domin kasuwar Nijeriya. Jarumin baƙar fata ne, amma masu zana shi Turawan Ingila ne, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a duniya. Ƙwararru ne, ba mai musu. Sai dai jikin da suka ba shi jikin Superman ne.

Babu wadda abin ya fi shafa kamar Amina ta Zazzau. Ba wanda ya zana ta tana da rai, don haka duk rigar da kuka taɓa gani a jikinta wani ne ya ɗinka mata da alƙalami ko da guduma. Nijeriya ta sa ta a kan sarki a 1975, shekarar mata ta duniya. A wannan shekara Ben Ekanem ya yi mutum-mutuminta bisa doki a gaban babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas. Ya lalace, daga baya wani hannu ya sake yin sa. Roye Okupe ya fito da littafin zane mai suna Malika a 2017, wanda ya gina a kan labarinta, kana Izu Ojukwu ya fito da fim ɗin Amina a 2021. Ku rubuta sunanta a intanet ku ga abin da zai fito: wata da farantin ƙarfe a ƙirji, wata da damatsa a waje, wata da takobi mai faɗin da ko maƙerin da ya fi kowa ƙarfin hali ba zai ƙera ba. Alhali tarihin Kano ɗin nan da na ambata ya sa zamaninta a lokacin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, watau bayan Kanajeji. Wasu masana sun kai ta ƙarni na 16. Ko wanne aka ɗauka, lifidi da sulke sun riga ta zuwa. Mace mai jan runduna shekara 34, kamar yadda littafin ya faɗa, ba ta kai wannan tsawon rai da buɗaɗɗen damtse ba.

To ga mu a Magama. Wanda bai san wurin ba, in ka bar Katsina ka yi yamma ka nufi Jibiya, a Magama hanya ke karkata arewa, ka wuce shingen kwastan da na jami'an shige da fice, ka shiga Ɗan Isa, ka bar Madarunfa a gefe, sai Maraɗi. Tsakanin Katsina da Maraɗi duka bai kai kilomita 100 ba. Gulbin da ya ratsa Jibiya shi ne ya gangara Maraɗi. Mutanen kuma ɗaya ne. Da jama'ar Shehu suka ci Katsina a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa su a Maraɗi, kuma har yanzu Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Daga nan aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana kai wa juna hari. A Gawakuke, a 1836, Muhammadu Bello ya karya rundunar Gobir da Maraɗi, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Bayan haka aka yi Ɗan Baskore, wanda hare-harensa suka hana ƙasar Katsina barci, aka yi Ƙaura Hasau, aka yi Ɗanwaire na Ruma. Dajin da ke tsakanin biranen biyu, wanda ƙasar Jibiya da Ruma ke bakinsa, shi ne hanyar dawakinsu. Iyakar da muke nuna takarda a kanta yau, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ne suka kafa mata duwatsu tsakanin 1906 da 1908.

Iyakar nan ba ta raba harshe ba, ba ta raba aure ba, amma ta raba makaranta, kuma da ta raba makaranta sai ta raba hannu. Yaron da ya tashi a kudancin shingen, in ya ci karo da littafin zane, na Ingilishi ne: Marvel, ko Powerman, ko mujallar African Film mai hotunan Lance Spearman da aka yi yayi a ƙarshen shekarun 1960. Wanda ya tashi a arewacinsa kuwa na Faransanci ya gani: Tintin na Hergé ɗan Beljiyam, da Asterix, da mujallar Kouakou da aka fara bugawa a 1966 domin yaran Afirka masu karatu da Faransanci. Hannun Hergé layi ne siriri mai kauri ɗaya, ba ya cika inuwa, ba ya kumbura tsoka, kuma yana kula da tufafi da sirdi da gini ƙwarai, har akan ce sai ya tara hotunan abu kafin ya zana shi. Ku ba waɗannan yara biyu Ɗan Baskore. Na kudu zai ba ku ƙato mai faffaɗan ƙirji yana tsalle daga kan doki. Na arewa zai ba ku ɗan madaidaicin mutum, amma za ku iya ƙirga layukan ɗinkin lifidinsa. A nan, ko da yake ni ɗan kudancin shingen ne, dole in ce hannun arewa ya fi dacewa da kayanmu, domin hannu ne da ke girmama yadi. Illarsa ita ce sanyi. Yaƙinsa kan fito kamar hawan salla. Yanzu kuma wayar hannu ta kawo hannu na uku wanda bai san shinge ba, na Japan, mai manyan idanu da gashi tsaye da takobi fiye da tsawon mai shi, kuma yaran Jibiya da na Ɗan Isa duk shi suke kwaikwaya.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A al'adar littattafan Amurka launi da siffa hukunci ne. Jarumin kirki akan ba shi ja da shuɗi da rawaya, da fuska a buɗe. Mugu akan ba shi kore da shunayya, da ƙayoyi a kafaɗa, da fuska a rufe. Ku dubi Joker, ku dubi Doctor Doom. Yaro ba ya bukatar a gaya masa wane ne azzalumi, rigar ta riga ta gaya masa. To Ɗan Baskore wane ne? A Maraɗi gwarzo ne mai neman gadon gidansu. A ƙauyukan da ya ƙone, mahari ne. Gaskiyar tarihi ita ce rundunonin biyu kaya iri ɗaya suka sa, lifidi ɗaya, kwalkwali ɗaya, layu iri ɗaya a damtse, wataƙila ma a kasuwa ɗaya aka sayi yadin. Ranar da mai zane ya sa wa ɗaya farar alkyabba da fuska a buɗe, ya sa wa ɗayan baƙin ƙarfe mai ƙaho, ya yanke shari'ar da masana irin su Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya buga littafinsa kan tarihin Katsina a 1981, suka bi da taka-tsantsan. Ya kuma yanke ta a kan mutanen da jikokinsu ke cin kasuwa ɗaya, suna aurar da 'ya'ya ga juna.

A ƙara da wannan. Ƙasar Jibiya da Batsari ta sha wuyar 'yan bindiga a shekarun nan, kuma yaran wurin sun san kamannin mai makami a daji: kakin soja na aro, rawani ya rufe fuska, bindiga a kafaɗa, babur a ƙasa. Mai zanen da ya ce zai zamanantar da barde, ya sa masa kaki da amawali ya rataya masa bindiga don ya burge, ya sani cewa a idon waɗannan yara ba jarumi ya zana ba.

Kada a fahimce ni da cewa ina hana sāke. Lifidin kansa ya sha sakewa, wanda ake hawan salla da shi yau ya fi na yaƙi ado da sauƙi. Mai zane yana da iko ya ƙara, ya rage, ya kai Amina duniyar wata in ya ga dama. Brian Stelfreeze ya sake wa Black Panther riga a 2016, Ruth Carter ta sake ta a fim ɗin 2018 har ta sami lambar Oscar, amma ko an cika hoton da baƙin tawada aka bar inuwa kawai, kunnuwan nan biyu za su gaya maka ko wane ne. Ma'aunin da nake ba da shawara ke nan. A cika barden da baƙi. In inuwar ta nuna curin doki da mahayi, da tuntu a sama, da mashi a tsaye, to namu ne, a yi masa duk adon da ake so. In ta nuna siririn ƙugu da faffaɗar kafaɗa, to Tony Stark ne ya yi rawani. Ma'auni na biyu tambaya ce: wannan rigar, me take tarewa? In mai zane ba shi da amsa, kibiya tana da ita.

Sulke kuma a yi masa dabarar da aka yi wa na Captain America, a nuna zobba a inda haske ya faɗa, a bar sauran. Lifidi ma yana da tasa sauƙin da ba a lura da shi ba: layukan ɗinkinsa su ne za su nuna ƙirar jikin da ke ciki, in suka lanƙwashe an san doki ya juya, in suka matse an san mahayi ya sunkuya. Ƙyallayensa masu kusurwa uku, ja da rawaya, launuka ne da ko injin ɗab'i mafi araha a Kano ko Zariya zai riƙe. Kibau biyar a kafe a ƙirjin doki, shi kuwa yana tafiyarsa, sun fi kowace walƙiyar ƙarfe ban tsoro.

Malaman wannan aiki kuwa ba su da nisa. Wanda ya tsaya a Magama ya dubi bayan manyan motocin da ke jiran a duba takardunsu, zai ga zaki, zai ga shaho, zai ga doki da mahayi, aikin masu fentin da ba su shiga ajin zane ba, amma sun san yadda babbar riga ke cika da iska, sun kuma san hoto ya karantu daga nesa mota tana gudu. Maɗinkan lifidi da dukawa masu kayan doki suna nan a Katsina da Kano. 'Yan lifidi da 'yan sulke suna fita kowace salla, ƙarama da babba, a Katsina da Maraɗi.

Saboda haka, Malam Shugaba, ina roƙon ƙungiyar nan abu biyu. Na farko, a salla mai zuwa a tura masu zanenmu kashi biyu, wasu ƙofar soro a Katsina, wasu fadar Maraɗi, da takarda da fensir. Su roƙi izini su je tun da asuba lokacin da ake ɗaura wa dawaki kaya, su ga abin da ake fara sawa da abin da ke biyo baya, su ɗaga lifidin da hannunsu su ji nauyinsa, su zana shi daga baya da gefe, ba daga gaba kaɗai ba. Na biyu, mujallarmu ta ware shafi huɗu a fitowa ta gaba, a ba mutum biyu labari ɗaya, ɗaya daga cikinmu, ɗaya daga 'yan'uwanmu ɗalibai na Maraɗi, kowa ya zana da hannunsa, a buga su suna fuskantar juna.

A nan zan dakata, don a sami lokacin tambayoyi.